Wa Aka Nuna Maka, Wa Aka Ɓoye Maka? Hukuncin Kisa a Cikin Finafinai

  

Maganar yau tana da nauyi, domin maganar rai ce. Za mu duba hukuncin kisa, da yadda masu shirya finafinai a ƙasashe daban-daban suka ɗauko shi suka ajiye a gaban mai kallo. Iyaye, in akwai ƙananan yara kusa da rediyo a lura, don za a ji batun kisa da rataya.

Ni ba malami ba ne, ba kuma alƙali ba. Fatawa tana wurin masu ita. Abin da na zo da shi ƙarami ne, amma yana da amfani. Duk fim ɗin da ya taɓa hukuncin kisa, sai ya zaunar da kai a wata kujera ba tare da ya nemi izininka ba. Wani ya mai da kai mai yanke hukunci. Wani ya mai da kai uban wanda aka kashe. Wani ma ya miƙa maka igiyar. Saboda haka ga tambaya biyu da nake so ku riƙe har ƙarshen shirin. Wa aka nuna mini? Wa aka ɓoye mini? Zan maimaita. Wa aka nuna mini, wa aka ɓoye mini?

Zango na farko: kujerar mai yanke hukunci.

Mu je Amurka, shekarar 1957. Sunan fim ɗin 12 Angry Men, wato fusatattun maza 12. Reginald Rose ne ya rubuta labarin, Sidney Lumet ya ba da umarni, Henry Fonda kuma shi ne jarumi. Fim ne baƙi da fari, minti 96, kusan dukkansa a ɗaki ɗaya.

Kafin mu shiga ɗakin, akwai abin da ya kamata in fayyace, don babu shi a kotunanmu. A Amurka, in laifi babba ne, ba alƙali ne ke cewa an aikata ko ba a aikata ba. Mutanen gari ake zaɓowa, su 12, su zauna su saurari shari'ar daga farko har ƙarshe. Ana ce musu juri. In an gama jin shaidu sai a kulle su a ɗaki su tattauna, kuma dole bakinsu ya zo ɗaya.

To ga shari'ar. Yaro ne ɗan shekara 18, daga unguwar talakawa a birnin New York. Ana tuhumarsa da daɓa wa mahaifinsa wuƙa har lahira. Alƙali ya gaya wa juri cewa in sun same shi da laifi, babu sassauci, kujerar lantarki ce. Wato kujerar da ake ɗaure mutum a kai, a sakar masa wuta har ya mutu.

Ranar ana tsananin zafi, fanka kuma ta ƙi aiki. Ɗaya daga cikinsu yana da tikitin kallon wasa a aljihu, sai duba agogo yake yi. Aka ce a ɗaga hannu. Mutum 11 suka ce yaron ya aikata. Mutum ɗaya ya ƙi ɗagawa.

Ku lura da kyau a nan. Mutumin nan bai ce yaron ba shi da laifi ba. Cewa ya yi bai sani ba, kuma ran mutum ya cancanci a zauna a yi magana a kansa kafin a sallama shi. Iyakar abin da ya nema ke nan: a yi magana.

Da aka fara maganar, sai hujjoji suka fara sassautowa ɗaya bayan ɗaya. An ce wuƙar da aka yi kisan da ita babu irinta. Sai mutumin ya sa hannu a aljihu, ya zaro wata sak ita, ya kafa a kan tebur. A unguwar su yaron ya saye ta. Akwai wani tsoho da ya ba da shaida cewa ya tashi daga gado, ya isa ƙofa cikin daƙiƙa 15, ya ga yaron yana gudu. Amma tsohon nan yana jan ƙafa. Suka auna nisan a cikin ɗakin, aka kwaikwayi tafiyarsa, sai ga daƙiƙa 41. Akwai kuma wata mata da ta ce daga kan gadonta ta hango kisan, ta tagogin jirgin ƙasa da ke wucewa. Mu kan ce gani ya kori ji. To amma wani dattijo a cikin jurin ya tuna cewa ya ga shatin tabarau a gefen hancinta. Wa ke kwanciya barci da tabarau? Ashe shi ma ganin sai an tambayi idon da ya yi shi.

Duk wannan ba shi ne zuciyar fim ɗin ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, yayin da hujjoji ke raguwa, cikin mutanen ne ke buɗewa. Akwai wanda tun farko bai damu da shaida ba. Shi dai mutanen irin wannan unguwa duk maƙaryata ne, duk mugaye ne, haka aka haife su. Ya yi ta zuba, har sauran suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna juya masa baya. Akwai kuma na ƙarshe, wanda ya fi kowa ɗaga murya. Shi da ɗansa na cikinsa ne suka ɓata, shekara biyu ba su ga juna ba. Da kowa ya bar shi shi kaɗai, ya ciro hoton ɗan nasa ya yayyaga, ya fashe da kuka. Ashe duk tsawon yinin nan ɗansa yake yi wa shari'a, yaron mutane kuma shi zai hau kujerar.

Masu sauraro, ba sai mun je New York ba. Ku tuna teburin mai shayi da daddare. Wani ya miƙo waya, ya ce ku ga wanda aka kama. Kafin shayi ya huce an gama shari'a. Wanda aka taɓa sace wa babur ya ce a kashe shi. Wanda ba ya ƙaunar mutanen garinsu ya ce ai dama halinsu ne. Wanda ke sauri ya ce kowa ya faɗa daidai ne. Mutanen ɗakin nan 12 duk muna da su a majalisarmu, wataƙila ma da mu a ciki.

Yanzu mu yi wa fim ɗin tambayarmu. Wa aka nuna mana? Mutum 12. Yaron kuwa fuskarsa kawai muka gani na ɗan lokaci a farko, idanu cike da tsoro. Wa aka ɓoye mana? Uban da aka kashe. Ko sau ɗaya ba mu gan shi ba. Kuma har fim ya ƙare ba a gaya mana wanda ya yi kisan ba. Mai yiwuwa yaron ne. Abin da jurin suka ce shi ne akwai kokwanto, kuma ba a kashe mutum a kan kokwanto. Malaman fiƙihu ma suna da ƙa'ida mai kama da wannan, cewa shubuha tana kawar da haddi.

Lumet ya yi wata dabara da mai kallo ba ya lura da ita. A farkon fim kyamara tana sama, tana kallon mutanen daga bisa. Da tafiya ta yi nisa ya sauko da ita daidai ido. A ƙarshe ya kai ta ƙasa, har rufin ɗakin ya bayyana, bango ya matso. Kai da ke kallo sai ka ji numfashinka na ƙuntata, ba ka san dalili ba. Kyamara dai kamar dillali ce a kara: gefen da take so ka saya, shi take juyo maka.

Lauyoyi ma suna da ƙorafi. Sonia Sotomayor, alƙaliya a Kotun Ƙolin Amurka, ta ce fim ɗin yana cikin abin da ya ja ta zuwa aikin shari'a. Amma ta ce abin da jarumin ya yi, na zuwa ya sayo wuƙa ya shigo da ita, a kotun gaske ɓata shari'ar zai yi gaba ɗaya. Masu son finafinan Indiya kuma, an sake yin wannan labari da harshen Hindi a 1986, da suna Ek Ruka Hua Faisla.

Kafin mu bar wannan zango, ga wani fim a taƙaice, shi ma da Henry Fonda a ciki. The Ox-Bow Incident, na 1943. Wani ƙauye ne a jihar Nevada, shekarar 1885. Labari ya zo cewa ɓarayin shanu sun kashe wani makiyayi. Maza suka hau dawakai. Cikin dare suka tarar da baƙi uku da shanu masu tambarin mutumin. Baƙin suka ce saya suka yi, amma babu takarda. Mutum bakwai suka ce a kai su gaban alƙali, aka rinjaye su. Da asuba aka rataye ukun a bishiya. A hanyar komawa gida suka haɗu da shugaban 'yan sandan yankin. Ya ce musu makiyayin yana nan da ransa, kuma an riga an kama waɗanda suka harbe shi.

Wannan ba sai na fassara muku ba. A 2012 an kashe ɗaliban Jami'ar Fatakwal huɗu a Aluu a kan zargin sata. A watan Maris na 2025 an kashe matafiya 16 a Uromi ta jihar Edo, mafarauta da ke hanyar komawa Kano. A kasuwanninmu na Arewa ma mun san abin da ihun “ɓarawo” yake jawowa. Wannan ba ya cikin hukuncin kisan da muke magana a kai, kisan gilla ne kawai. Na kawo shi ne don tushen ɗaya ne da na ɗakin can: gaggawa, da zato, da tsoron ka zama kai kaɗai ka ce a dakata.

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan hukuncin kisa a cikin finafinai. Mu shiga zango na biyu: idan mutumin da gaske ya aikata fa?

A nan zan faɗi ra'ayina. Fim ɗin da ya ɗauko marar laifi ya kai shi ga igiya ya zaɓi hanya mai sauƙi. The Green Mile na 1999, wanda Tom Hanks ya fito a matsayin gandiroba, ya sa mutane da yawa kuka. Amma fursunan da ke cikin fim ɗin ba shi da laifi, ga tausayi, har warkar da marasa lafiya yake yi. Wa zai so a kashe irin wannan? Ko wanda ya fi kowa goyon bayan hukuncin kisa zai ce a sake shi. Ka yi kuka, ka share hawaye, ra'ayinka yana nan inda yake.

Ba ina cewa kuskure ba ya faruwa ba ne. Yana faruwa. Walter McMillian, baƙar fata a jihar Alabama, ya yi kimanin shekara shida yana jiran kisa a kan laifin da bai yi ba, sai a 1993 aka sake shi. Labarinsa ne a fim ɗin Just Mercy na 2019. A Ingila an rataye Timothy Evans a 1950, daga baya aka gano maƙwabcinsa John Christie ya kashe mata da dama a gidan da suke zaune. An yi wa Evans afuwa a 1966, shekara 16 bayan rataye shi. Waɗannan suna nuna cewa kotu tana kuskure. Amma tambaya mai wuya tana nan: mutumin da ya aikata, hannunsa dumu-dumu, me za a yi da shi?

Fim biyu sun tunkari wannan ba kwana-kwana.

Na farko daga ƙasar Poland, 1988, na Krzysztof Kieślowski. Sunansa da Hausa, gajeren fim a kan kisa. Wani saurayi, Jacek, yana yawo a birnin Warsaw ba aiki ba dalili. Ya tare tasi, ya sa direba ya kai shi bayan gari, ya shaƙe shi da igiya. Direban bai mutu da wuri ba. Kusan minti bakwai ana nuna kisan, har saurayin ya ƙarasa shi da dutse a bakin kogi. Babu mai kallon wannan ya ji tausayin Jacek. Sai fim ya tsallake zaman kotu, ya kai mu ranar rataya. Muka ga ma'aikaci yana gwada igiya, yana duba ƙofar da za ta buɗe a ƙarƙashin ƙafa, yana ajiye faranti a ƙasa saboda abin da zai zubo daga jikin mutum. Muka ga saurayin yana turjewa, gandirobobi sun danne shi. Kieślowski ya ajiye kisa biyu gefe da gefe, bai rufe maka ido a ko ɗaya ba. A shekarar da fim ɗin ya fito ne Poland ta zartar da hukuncin kisa na ƙarshe, sabuwar dokar da ta soke shi kuma ta fara aiki a 1998.

Na biyu shi ne Dead Man Walking, Amurka, 1995, na Tim Robbins. An gina shi a kan littafin Helen Prejean, wata mai zaman zuhudu ta cocin Katolika da ke ziyartar masu jiran kisa a jihar Louisiana. Susan Sarandon ta fito a matsayinta, ta kuma ci kyautar Oscar. Sean Penn shi ne fursunan. Mutum ne mai girman kai, mai ƙin baƙar fata, maƙaryaci. Shi da abokinsa sun kashe wani saurayi da budurwarsa a daji, bayan sun yi wa yarinyar fyaɗe.

Abin da ya ɗaga darajar wannan fim a wurina shi ne ya shiga gidajen iyayen. Uban saurayin ya tare matar nan, ya tambaye ta yadda aka yi ta sami lokacin mai kisa, ba ta sami nasu ba. Iyayen yarinyar kuwa, da suka gane har yanzu tana tare da shi, korar ta suka yi daga gidansu. Kuma fim bai nuna su a matsayin mugaye ba. Mutane ne da aka raba da 'ya'yansu. Sai ana saura kaɗan a yi masa allurar guba fursunan ya amsa laifinsa. Lokacin da allurar ke shiga jikinsa, kyamara tana komawa dajin, tana nuna abin da ya yi. Ba a ɓoye maka shi ba, ba a ɓoye maka su ba. Shi ya sa mutum biyu za su kalle shi tare, ɗaya ya fito yana cewa an yi daidai, ɗaya yana cewa ba a yi ba, kuma kowa da hujjarsa a cikin fim ɗin.

Zango na uku, kuma a nan zan ɗan daɗe: kujerar mai jini.

Ban da The Ox-Bow Incident, a duk finafinan da muka ambata, hukuma ce ke kashewa, dangin mamaci 'yan kallo ne. A shari'ar Musulunci ba haka abin yake ba. A kisan ganganci, magadan mamaci suna da haƙƙi. Za su iya neman ƙisasi, wato a kashe wanda ya kashe. Za su iya karɓar diyya. Za su iya yafewa. Aya ta 178 a Suratul Baƙara ta ambaci ƙisasin, ta kuma ambaci afuwar. A ƙasar Iran dokar kisan kai a kan wannan tsari take, saboda haka finafinansu suna da wata tambaya da na Amurka ba su da ita. Rai yana hannun mutum ɗaya, mutumin da aka fi cutarwa. Me zai yi da shi?

Asghar Farhadi, wanda daga baya ya ci Oscar har sau biyu, ya yi wani fim a 2004 mai suna Shahr-e Ziba, wato kyakkyawan birni. Sunan wata unguwa ce a Tehran inda gidan tsare yara masu laifi yake. Fim ya buɗe da abokai suna taya wani yaro, Akbar, murnar cika shekara 18. Shi kuwa ba murna a fuskarsa. Yana ɗan shekara 16 ya kashe wata yarinya. Cikarsa 18 na nufin yanzu za a iya rataye shi.

Daga nan kusan ba mu ƙara ganin Akbar ba. Ku ji wannan da kyau: wanda za a kashe shi aka ɓoye mana. Wanda aka nuna mana shi ne uban yarinyar, Abolghasem. Abokin Akbar, wani yaro da aka tsare saboda sata, ya fito ya haɗu da yayar Akbar, suka riƙa sintiri ƙofar gidan dattijon suna roƙo. Ya kore su, su dawo. Ya kore su, su dawo. Aka sa limamin unguwa ya sa baki. Dattijo ya kafe. 'Yarsa ce tilo daga matarsa da ta rasu, kuma tun ranar da aka kashe ta rayuwarsa ta tsaya cik.

Sai ga wani ƙulli. A dokar Iran, in namiji ya kashe mace, sai danginta sun biya rabin diyyar namiji kafin a yi musu ƙisasi. A nan in ja hankali: wannan fahimtar mazhabarsu ce. A Malikiyya da sauran mazhabobin Sunna, ana kashe namiji saboda mace ba tare da an biya komai ba. To shi dattijon nan talaka ne. An kashe masa 'ya, kuma an ce ya kawo kuɗi. Har gidan da yake ciki ya yi niyyar sayarwa.

A cikin gidan kuma akwai matarsa ta biyu, da 'yarta mai naƙasa, agolarsa. Ita matar so take a yafe, a karɓi diyya, a yi wa yarinyar magani. Za ka ce kwaɗayi ne? Uwa ce da ke kallon 'yarta mai rai, mijinta yana kallon tasa da ke ƙasa. Daga baya ma aka kawo shawarar cewa abokin Akbar ya auri yarinyar mai naƙasa, a bakin yafiya. Alhali shi zuciyarsa tana wurin yayar Akbar. Ran abokinsa a hannu ɗaya, tasa rayuwar a ɗaya hannun. Farhadi bai warware ba. Fim ya ƙare ba mu san ko an rataye Akbar ba.

Abin da na ɗauka a nan shi ne, yafiya tana da daɗin faɗa a bakin wanda ba a taɓa ba. Mu da ke gefe mu kan ce, Malam ka yi haƙuri, ka bar wa Allah. Gaskiya ne, kuma akwai lada. Amma fim ɗin ya sa ka zauna a ɗakin mutumin, ka ga yadda kowa ke zuwa da buƙatarsa a naɗe cikin nasiha. Wannan yana son ɗan'uwansa ya tsira, wannan tana son kuɗin asibiti, wancan yana son a ce da bakinsa aka sasanta. Ba wanda ya zo don 'yarsa. Haƙƙin da shari'a ta ba shi ya zame masa kaya, kuma shi kaɗai ke ɗauke da shi.

Irin wannan yana faruwa a zahiri. A 2014, a garin Nur da ke arewacin Iran, an kawo wani saurayi bainar jama'a, an rufe masa ido, igiya a wuya. Uwar wanda ya kashe ta matso. Ta kwaɗa masa mari. Sannan ita da mijinta suka cire igiyar. Hotunan sun zaga duniya. Mutane suka yi ta yaba yafiyar, amma ni ina ganin bai kamata a manta da marin ba, don sai da ta yi shi sannan ta iya cire igiyar.

Zango na ƙarshe, gajere ne: kujerar hauni.

In an ce a kashe, wani ne zai kashe. A da, a fadar sarakunanmu, hauni ke wannan aiki, kowa ya san shi. Yau ma'aikaci ne mai albashi, ba wanda ya san fuskarsa. Mohammad Rasoulof, shi ma ɗan Iran, ya yi fim a kansa, There Is No Evil, wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Berlin a 2020. Hukuma ta hana shi fita ƙasar, 'yarsa ce ta karɓar masa.

Labari huɗu ne a ciki. A na farko muna bin wani magidanci yini guda. Ya ɗauko matarsa daga aiki, suka biya banki, suka ɗauko 'yarsu daga makaranta, suka yi cefane. Ya je ya yi wa wata tsohuwa ta gidansu hidima. Da daddare ya shafa wa matarsa rinin gashi. Mutumin kirki, irin wanda za ka ba amana. Kafin asuba ya tashi ya tafi aiki. Ga shi a wani ɗan ɗaki, yana jiran fitilu su canza launi. Suka canza. Ya danna maɓalli. Sai muka ga jerin ƙafafu suna lilo. A wani labarin kuma, matashin soja ne mai aikin bautar ƙasa, wanda ake ba hutun kwana uku in ya ture kujera daga ƙarƙashin wanda za a rataye. Ya karɓi hutun don ya je wurin budurwarsa, sai ya tarar gidansu ana makokin mutumin da ya ture wa kujerar.

Wa aka nuna mana a nan? Mai danna maɓalli. Wa aka ɓoye? Waɗanda aka rataye, da laifinsu, da waɗanda suka cuta. Rasoulof yana da matsayi, yana adawa da hukuncin kisa, kuma bai ɓoye ba. Shi ma sai a yi masa tambayar da aka yi wa sauran.

Wannan kujera ta hauni ita ce ta fi kusa da halin da muke ciki. A Najeriya doka ta tanadi hukuncin kisa a kan laifuka irin su kisan kai da fashi da makami da cin amanar ƙasa. Amma bayan kotu ta yanke, sai gwamna ya sa hannu. Gwamnoni kuwa galibi ba sa sawa. An rataye mutum huɗu a jihar Edo a 2013, an ƙara uku a can a 2016. Yau sama da mutum 3,000 ne ke zaune a gidajen gyaran hali da hukuncin kisa a kansu. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba babban alƙalin jiha damar mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai, in mutum ya ƙare ɗaukaka ƙara kuma ya shekara 10 yana jira. A Nijar ma dokar tana nan, amma rabon da a zartar tun 1976.

Wato alƙali ya yanke, mai sa hannu ya janye hannunsa. Fursuna bai mutu ba, bai kuma san ko zai rayu ba. Dangin mamaci ba su ga ƙisasi ba, ba su karɓi diyya ba, ba a kuma tambaye su ko sun yafe ba. Marubutanmu na Kannywood, ga labari a ƙofar gida. Sau da yawa a finafinanmu, da alƙali ya karanta hukunci, 'yan sanda suka tasa ƙeyar mugu, sai a rubuta alhamdulillahi. Shekaru 10 da ke biyo bayan wannan rana, a ɗakin fursuna da ɗakin uwar mamaci da ofishin gwamna, su ma za su yi fim.